Bikin Gat: Taron Mutanen Fazzan a Gindin Duwatsun Akakus

Idan aka ambaci Sabha a tashar motar Agadas, ko a majalisar matasa a Kano da Maraɗi da Damagaram, da wuya ka ji wani ya kawo zancen dabino ko na tarihi. Abin da ke faɗowa a rai shi ne Hilux cike maƙil da 'yan ci-rani, ƙafafu na reto, jarkokin ruwa ɗaure a gefe, sai kuma gidajen da ake tsare mutane har danginsu su aiko da kuɗin fansa. Ba ƙage aka yi wa garin ba. A watan Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, ta fitar da shaidar waɗanda suka ce an yi cinikinsu a Sabha, kuma akwai gidaje da yawa a ƙasar Hausa da har yau suke jiran ɗan da ya bi wannan hanya bai dawo ba.

Sai dai Sabha ita ce babban birnin Fazzan, yankin da ya mamaye kudu maso yammacin Libiya, kuma dangantakarmu da Fazzan ta girmi wannan baƙin labari da ɗaruruwan shekaru. Garin yana da jami'a. Yana da tsohon barikin soja da Italiyawa suka gina a kan tudu, wanda hotonsa ya daɗe a jikin takardar dinari goma. A nan ne Mu'ammar Gaddafi ya yi wani ɓangare na karatunsa, a nan kuma ya shelanta tsarin Jamahiriyya ranar 2 ga Maris, 1977. Daga nan ne kuma hanya ke miƙewa yamma, tafiyar kusan kilomita 550, zuwa wani ƙaramin gari a bakin iyakar Aljeriya, inda a ƙarshen watan Disamba mutanen yankin ke taruwa su yi bikin tunawa da kakanninsu da duwatsun da suka raine su. Sunan garin Gat.

Hanyar kanta karatu ce. Da an bar Sabha sai a faɗa Wadi al-Hayat, wanda tsofaffi suka fi sani da Wadi al-Ajal, wani dogon kwari mai gonakin dabino. Ta arewa tulin rairayin Ubari ne, ta kudu kuma baƙin dutsen Mesak ne ya yi katanga. A tsakiyar kwarin akwai kangon Jarma, hedkwatar Garamantawa, mutanen da marubucin Girka Herodotus ya ba da labarinsu tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce suna hawan keken yaƙi mai dawaki huɗu. Sun yi noman alkama da inabi da dabino a inda ruwan sama ba ya sauka, ta hanyar haƙa ɗaruruwan magudanai a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ke janyo ruwa daga gindin dutse zuwa gona. Binciken da Farfesa David Mattingly na Jami'ar Leicester ya jagoranta daga 1997 ya nuna cewa daula ce mai birane da rubutu da fatauci, kuma raguwar ruwan ƙasa na cikin abin da ya durƙusar da ita. Cikin rairayin arewa kuma akwai tafkunan gishiri irin su Gabar'aun da Ummul Ma, zagaye da dabino da kyauro. Daga Ubari a wuce Al-Awainat, hanya ta karya kudu, sai ga Akakus ya tsaya a gabas, jan dutse mai tsawon fiye da kilomita 100, har zuwa ƙofar Gat.

Tun tsakiyar shekarun 1990 ake yin bikin Gat, kuma wanda aka yi a Disambar 2013 shi ne karo na 19. An fara shi ne da nufin jawo 'yan yawon buɗe ido, sunansa na hukuma ma haka ya nuna. Amma wanda ya duba yadda ake gudanar da shi zai gane cewa masu gari ne suka fi kowa cin moriyarsa. Yawancin mazauna Gat sun daɗe da barin tsohon garin ƙasa, wanda suke kira Agram, sun koma gidajen siminti a wajensa. A kwanakin biki sai a buɗe waɗannan tsofaffin gidaje, a share lungunan, a shimfiɗa tabarmi. Tsofaffin mata su zauna suna niƙa a dutse, suna saƙa faifai da kwando da kabar dabino. Maƙeran fari su baje zobba da layun azurfa, dukawa su rataye jakunkuna da sirdin raƙumi mai rassa uku a goshi. A wani gida a nuna yadda ake kai amarya, a wani a nuna yadda almajirai ke karatu da allo. Yaron da aka haifa a sabuwar unguwa, a ranar ne zai shiga ɗakin da aka haifi kakarsa, ya ga ƙofar da aka yi da gungumen dabino, ya hau tudun Kukuman inda barikin da Turkawa suka faro Italiyawa suka ƙarasa yake kallon gari.

A fili kuma, bayan gari, ake kafa tantuna na fata da na tabarma. Can ake tseren raƙuma, mahaya sun sha rawani da amawali ba a ganin komai sai idanu. Mata na zama a da'ira suna kiɗa tende, wato turmin da aka rufe bakinsa da fatar akuya, suna tafi suna guɗa, raƙuma na kewaye su da taku ɗaiɗai bisa amon kiɗan. Akwai rawar takobi ta maza. Akwai imzad, goge mai tsirkiya ɗaya wanda a al'adar Abzinawa mata ne ke goga shi, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Da dare sanyin hamada kan sauko har ya kusa daskarar da ruwa, sai a kewaye garwashi, ana dafa shayi zagaye uku, ana tono tagella, burodin da ake gasawa cikin toka da rairayi mai zafi. Mutumin Agadas da ya saba da bikin Bianu, ko wanda ya taɓa zuwa taron makiyaya na Ingal, ba zai ji baƙunta ba. Baƙi kan zo daga Sabha da Ubari da Murzuk da Gadames da garuruwan gaɓar teku, haka nan 'yan uwa daga Janet da ke tsallaken iyaka, domin Abzinawan Kel Ajjar na Gat da na Janet dangi ɗaya ne, Turawan mulkin mallaka ne suka ja layi a tsakaninsu.

Duk wannan hidima, dutsen ne uban taro. Akakus ba tsauni ɗaya ba ne, tarin duwatsu ne da kwaruruka da kogwanni, iska da rairayi sun sassaƙe su shekaru aru-aru har wasu sun zama ƙofofi masu tsawo, kamar wadda ake kira Fozzijaren. A ƙarƙashin inuwar waɗannan duwatsu akwai dubban zane-zane, wasu da fenti wasu da sassaƙa, waɗanda UNESCO ta ce sun faro daga wajen shekara 12,000 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa shekara ta 100 bayanta. A 1985 aka sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Zanen yana da hawa-hawa. Mafi tsufa na namun dawa ne: giwa, karkanda, raƙumin dawa, jimina, da wata irin ɓauna mai manyan ƙahoni da ta ƙare a duniya. A kwarin Matandus da ke cikin Mesak har kada aka sassaƙa, a wurin da yau za ka yi tafiyar yini ba ka ga ɗigon ruwa ba. Bayan wannan sai zamanin mutane masu kewayayyen kai, manyan siffofi marasa fuska da har yau masana ke muhawara a kan ma'anarsu. Sai zamanin makiyaya, wanda a ganina shi ne ya fi taɓa zuciya: garken shanu masu roɗi-roɗi, mace na tatsar nono, wata na yi wa wata kitso, mafarauci da karnukansa. Daga nan doki da keken yaƙi suka shigo, a ƙarshe raƙumi, tare da rubutun Tifinag wanda Abzinawa ke amfani da shi har gobe. Wanda ya bi zanen daga farko zuwa ƙarshe ya karanta yadda ƙasa mai tafkuna da ciyawa ta bushe a hankali, daga wajen shekara 5,000 da suka wuce, da yadda mutane suka riƙa sauya dabba da sana'a don su rayu.

Masanin Italiya Fabrizio Mori ne ya fara nazarin wurin a tsanake daga 1955, kuma jagororin Abzinawa ne suka riƙa kai shi kogo-kogo, domin su sun san wuraren tun kaka da kakanni. A ƙarshen shekarun 1950, a kogon Wan Muhujjaj, ayarinsa ya tono gawar wani ƙaramin yaro da aka adana cikin fata fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Jami'ar Sapienza ta birnin Rum ta ci gaba da aikin, daga baya a ƙarƙashin Savino di Lernia. A kogon Takarkori, kudu da Gat, an samu ɓaraguzan tukwane da binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2012 ya gano maiƙon madara a jikinsu, shaidar cewa wajen shekara 7,000 da suka wuce ana tatsar dabbobi ana sarrafa nono a tsakiyar Sahara. A 2025 kuma aka fitar da sakamakon gwajin ƙwayoyin halittar wasu mata biyu da aka binne a wannan kogo, wanda ya nuna tsatson mutanen Arewacin Afirka da ya daɗe a keɓe. Wannan zamani na ruwa bai tsaya a Libiya ba. Raƙuman dawa na Dabus da aka sassaƙa a dutse a arewacin Agadas, da kwalekwalen Dufuna mai shekara kusan 8,000 da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, duk daga wannan duniyar suka fito.

Akwai wani dutse a arewacin Gat da ya keɓe shi kaɗai, Idinen, wanda Larabawa ke kira Kaf al-Janun. Abzinawa sun ce mazaunin aljanu ne, ba sa hawansa. A watan Yulin 1850 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya ƙi jin gargaɗi ya hau shi kaɗai. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jinin jikinsa, sai washegari wani Ba'abzine ya bi sawunsa ya tsinto shi rai a hannun Allah. Da wannan mutum bai iya bin sawu ba, da babu bayanin Kano da Barth ya rubuta bayan isarsa birnin a watan Fabrairun 1851, bayanin da masu tarihin kasuwar Kurmi ke komawa gare shi har yau.

A nan ne labarin ya zama namu. Hanyar da Barth ya bi ita ce hanyar ayari: daga Tarabulus ko Gadames zuwa Gat, a ratsa Abzin, a sauka Damargu, a shiga Damagaram ko Tasawa, a ƙare a Kano ko Katsina. Gat ita ce babban zango na tsakiya, inda fatake ke hutawa, a sauya raƙuma, a biya Abzinawa kuɗin rakiya. Abin da ke hawa arewa shi ne turkuɗi da kore da sauran tufafin da marinan Kano da Kura suka rina suka buga, da jar fatar akuya ta majema, da takalma, da gashin jimina, da hauren giwa. Abin da ke gangarowa kuwa takarda ce, da alharini, da jar dara, da tsakiya, da madubi, da ruwan takobi. Barth da kansa ya rubuta cewa kayan saƙar Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus. Attajiran Gadames sun zauna a Kano, a unguwanni irin su Dandalin Turawa da Alfindiki, jikokinsu yau Kanawa ne, kuma da su ake danganta gurasa da alkaki. Shuɗin rawanin nan mai ƙyalli da mahayin raƙumi ke tinƙaho da shi a filin bikin Gat, wanda ke barin shuni a fuska, asalinsa aikin karofin ƙasar Kano ne.

Amma ayarin ba kaya kaɗai ya ɗauka ba, kuma rahoton da ya tsallake wannan ya ci amanar waɗanda abin ya shafa. An kora dubban bayi a wannan hanya, yawancinsu mata da yara, daga ƙasar Hausa da Barno da maƙwabtansu, da yawa sun mutu tsakanin rijiya da rijiya. Da Sarkin Turkawa na Santambul ya haramta cinikin a 1857, sai fataucin ya ƙara karkata ta Gat, domin a lokacin garin ba ya ƙarƙashin Turkawa, sai a 1875 suka kafa sojojinsu a can. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san irin wannan tafiya da irin rabuwar da ta jawo tsakanin uwa da ɗa. Fatake da bayi da almajirai da mahajjata, su suka dasa Hausa a Fazzan. Shi ya sa har yau a Gat, ban da Tamahak na Abzinawa da Larabci, za ka ji gidajen da ake Hausa a cikinsu, Hausar da aka gada, wadda ta riga ta 'yan ci-ranin zamani zuwa da nisa. Jirgin ƙasa ne ya kashe ayarin. Da dogo ya iso Kano a 1911, kaya suka juya kudu zuwa Ikko, a shekarar kuma Italiya ta kai wa Tarabulus hari. Gat ta tashi daga mahaɗar hanyoyi ta koma ƙarshen hanya.

Wannan koma-baya bai saki yankin ba. Rijiyoyin mai na Sharara, mafi girma a Libiya, suna kusa da Ubari. Ruwan da famfunan Tarabulus ke zubarwa, daga rijiyoyin Jabal Hasawna na Fazzan ake turo shi ta bututun babban kogin da Gaddafi ya gina. Duk da haka mutumin kudu ya saba da layin mai, da bankin da ba kuɗi, da asibitin da ba likita, abin da ya sa a ƙarshen 2018 masu zanga-zangar da suka kira kansu Fushin Fazzan suka rufe Sharara. Akwai kuma Abzinawa da Tubawa masu yawa da suka yi shekaru a Sabha da Ubari ba su da cikakkiyar takardar zama ɗan ƙasa. Daga 2014 zuwa farkon 2016 yaƙi tsakanin Abzinawa da Tubawa ya ragargaza Ubari, ya toshe hanyar da ke kai abinci da magani Gat, har sai da aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Doha a watan Nuwambar 2015 kafin ƙura ta fara lafawa. Turawan da a da ke cika motoci zuwa Akakus suka ɗauke ƙafa tun 2011. Direbobi da jagorori da masu dafa abinci a sansani suka rasa sana'a, wasu suka koma haƙar zinariya, wasu fasa-ƙwauri.

Dutsen ma ya ji a jikinsa. Tun kafin yaƙi, 'yan yawon buɗe ido kan watsa wa zane ruwa don launinsa ya fito a hoto, abin da ke cinye fentin. Motocin masu neman mai sun tsaga Mesak da layuka. A watan Afrilun 2009 wani mutum ya bi wasu daga cikin shahararrun kogwannin Akakus ya fesa musu fentin gwangwani, ya lalata cikin ɗan lokaci abin da ya tsira shekaru dubbai. Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi sai rubuce-rubucen sunaye suka ƙaru, mafarauta da bindiga a bayan mota suka matsa wa barewa da ragon dutse. A watan Yulin 2016 UNESCO ta sa Akakus, tare da sauran wuraren tarihi huɗu na Libiya, cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Tsohon garin kuma ruwa ne abokin gabarsa. A farkon watan Yunin 2019 ambaliya ta mamaye Gat, ta yi kisa, ta raba dubban mutane da gidajensu, kuma ginin ƙasa da ba mai kwana a ciki ba ya jure irin wannan.

Saboda haka nake ganin kuskure ne a ɗauki bikin Gat a matsayin wasan nishaɗin baƙi. Ba wata hukuma, ko ta Tarabulus ko ta Bangazi ko UNESCO, da za ta iya sa mai gadi a bakin kowane kogo a dutsen da ya fi kilomita 100. Mai gadin gaskiya shi ne saurayin Gat ko na Al-Awainat da ya taso ya ji cewa zanen nan nasa ne, wanda zai ji kunya ya rubuta sunansa a kai, ya kuma hana abokinsa. Irin wannan tarbiyya a wajen taro ake samunta, inda tsoho ke nuna wa yaro sunan kowane kwari da wurin kowane gulbin dutse da ke riƙe ruwa. Gidan da aka san za a buɗe a Disamba kuma, dole a yi masa yaɓe kafin lokacin. A yankin da ƙabilu suka ɗauki makami a kan juna, ba ƙaramin abu ba ne Balarabe da Ba'abzine da Batube da jikan Bahaushe su zauna a tabarma ɗaya suna kallon tsere. A 'yan shekarun nan baƙi daga waje sun fara komowa kaɗan-kaɗan, amma ko a lokacin da babu su, masu gari sun nuna suna son bikinsu.

Mu ma muna da namu duwatsun. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda aka sa cikin kayan tarihin Najeriya tun tuni, amma ɗalibai nawa ne a Dutse ko Kano aka taɓa kai su su gani? Marinan Kura da suka tufatar da Sahara suna ta raguwa, matasa na gudun sana'ar. Abin da ya fi damuna shi ne Hausar Gat da Murzuk. Masu jin ta a bakin iyayensu tsufa suke yi, jikokinsu Larabci ya fi musu sauƙi. A cikin wannan harshe akwai kalmomin fatauci da waƙoƙin niƙa da na raino, da sunayen garuruwan da aka kamo kakanni, abin da wataƙila mu nan mun manta. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya, Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da masana harshe, Jami'ar Sabha kuma ita ce mafi kusa da wurin. Aikin bai wuce yarjejeniya tsakanin jami'o'in ba, da na'urar ɗaukar murya, da ɗalibai kaɗan masu jin Hausa da Larabci da za su sauka Gat a makon biki, lokacin da tsofaffin ke zaune a ƙofar gidajensu na Agram a shirye su yi magana.